Kogin da Ladidi Ta Gina

Shekara arba'in ina jefa koma a Galma.
Na san ramin da kurungu ke kwana,
na san ranar da karfasa ke hawowa bayan marka.
Kifi a wurina na Allah ne:
ka je, ka jefa, ka jawo rabonka.
Ba a gina masa ɗaki,
ba a auna masa abinci da gwangwanin madara.

Sai kogin ya fara rowa.
Masu yashi suka zo da tifa,
masu tumatir suka zo da injin ban-ruwa,
wani yaro ya zuba magani a gurbi,
ya kwashe uwa da 'ya'ya rana ɗaya.
Komata ta koma kamo leda
da silifa wari guda.
Na rataye ta a zaure, gizo-gizo ya gaje ta.

Ladidi jikata ta dawo daga Samaru da littafi.
Ta sayar da awakinta biyu,
ta sayi bulo da siminti buhu shida.
A bayan ɗakina, nan Tudun Jukun,
inda muke shanya kuka,
ta gina kogi mai kusurwa huɗu.
Ta kawo 'ya'yan tarwaɗa cikin jarka,
ɗari biyar, ba wanda ya kai ɗan yatsana.
Na ce, waɗannan ai miya ɗaya ce.
Ta ce, Kaka, ba ni wata biyar.

Barau mahauci ya leƙo ta katanga,
ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Watan uku, wuta ta ɗauke kwana huɗu,
famfo ya yi shiru.
Cikin dare na fito kama ruwa,
shirun bayan ɗaki bai yi mini ba.
Na haska tocila:
ga su tsaitsaye, gashin baki sama,
kamar masu jiran liman.
Na san wannan tsayuwar.
Na gan ta a guraben Galma da bazara,
ranar da ruwa ke shirin mutuwa.
Littafi yana barci, na buga masa ƙofa.

Ita ke jan guga, ni ke juyewa,
bayana na ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Har ladan ya yi kiran farko
ba mu ce wa juna uffan ba.
Goma sha bakwai muka tsame.
Sauran suka nutse, suka kaɗa wutsiya.

Yanzu da la'asar yara ke sallama:
wai a ba su na ɗari biyar, mai ƙwai.
Indo mai koko na sayen kawuna,
ta ce romonsu ya tayar da ɗanta daga ciwo.
Ruwan da muke zubarwa
ya haifi alayyafo har gwiwa.
Barau ma ya zo ranar Talata, da magariba,
ya sa an naɗe masa biyu a jarida,
wai nama ya fi ƙarfin mai sayar da shi.

Ba na cewa an gama.
Buhun abincinsu na hawa kamar ɗan tsako a jikin kwando,
manyan na haɗiye ƙanana in an yi sake,
halin da ba a ruwa kaɗai yake ba.
Amma gonar da na sani a hanyar Dakace
yau filoti ce, gida kan gida,
kowane gida da bakuna goma,
kuma ba wanda zai ci bulo
sai irin bulon Ladidi.

Ni ne mai gwangwanin madara yanzu.
Ina watsawa, ruwa na tafasa,
ina kiran su da sunayen abokaina da suka riga ni.

Juma'ar da ta wuce na hau acaɓa zuwa Galma,
babu koma, sai ƙaramar jarka a cinya.
Da yamma Ladidi ta ƙirga sababbin da ta kawo,
ta sake ƙirgawa, babu goma.
Ta dube ni, ta dubi laka a ƙafata.
Na ce, tsohon bashi ne.